Farantin da Ba Shi da Dillali

Riskuwa dillali, na karar shanu ta Argungu, shi ya fara ba ni labarin Kalilu, Allah ya jiƙan su duka biyu. Rubuta yadda na faɗa, Zakiyya, kada ki gyara mini magana. Wani ɗan maraƙi na kai masa, sai na hangi wani abu jingine da bangon zaurensa, bayan buhunan dusa, an naɗe shi da zanen mace an ɗaure da igiyar rama. Na ce, "Riskuwa, madubin amare kake dillanci yanzu?" Bai yi dariya ba. Ya ce in zauna. Abin da shi bai sani ba kuwa, daga baya na ji shi a bakin Ma'u, matar Kalilun, da zama ya haɗa mu a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, katanga ɗaya tsakaninmu.

Kalilu mutumin Zauro ne, can aka yanke masa cibiya. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, kamar kullum akwai abin da yake dubawa a ƙasa. Ubansa ya bar masa gonar shinkafa a fadama, wadda ake kira Mai Giginya saboda wata tsohuwar giginya da ke kan iyakarta. Gona ce da Allah ya zaunar da ita daidai. Ba ta yi kwari da ruwa zai shanye ta ba, ba ta yi tudu da zai ƙi kai mata ba. Ban da ita yana da ɗan wani fegi can bakin gulbi, irin wanda shekarar da ya ga dama ya ba ka, shekarar da bai ga dama ba ko irinka ba ka gani. Ya taso da iyalinsa ya dawo Badariya tun tana rabin daji, don Ma'u tana turara shinkafa, nan kuwa ta fi kusa da kasuwa. Kullum da safe sai ya hau keke ya gangara Zauro.

Abin da aka san shi da shi tambaya ɗaya ce. Ko me aka tallata masa, sai ya juya shi a hannu ya ce, "In na matsu, wa za shi saye?" Shi ya sa bai taɓa mallakar agogo ba, bai taɓa sayen rediyo ba. In kuɗi suka shigo, tunkiya zai saya, ko maraƙi, ko ya zuba albasa ya jira ta yi tsada. A wurinsa dukiya ita ce abin da za ka iya sa wa igiya ka ja zuwa kasuwa ranar da ido ya yi ja. Haka ubansa ya yi, haka duk mutanen fadama suke yi, shi dai ya fi kowa riƙe abin.

Da aka ba mu jiha, gari ya cika da baƙi. Ma'aikata suka zo da motocinsu, aka ta da gidaje a Gesse, da magariba sai ka hango su fari tas. Turakan wuta ba su kai ƙarshen Badariya inda Kalilu yake ba, shi kuma bai damu ba, fitilar ƙwai ta ishe shi. Sai aka shiga shekarun nan da kananzir ya yi wuya, sai a wurin 'yan bumburutu a bakin hanya. Wata rana Ma'u ta sayo kwalba ɗaya. Ashe an gauraya shi da fetur.

Jannatu ce ta kunna. Ita ce autarsu, yayyenta mata duk sun yi aure, a lokacin ba ta wuce shekara goma ba. Ana kiran sallar magariba ta ƙyasta ashana, fitila ta yi bam a hannunta. Daga damtsen dama har wuya wuta ta ci. Ta daɗe a asibiti. Bijimin da Kalilu yake turke da shi, shi aka kai wa Riskuwa ya sayar, kuɗin suka tafi a magani. Ta rayu, amma fatar hannun ta ƙanƙance, ba ya miƙewa sosai.

Ciwon jiki ya warke, na zuciya ya zauna. Yarinyar nan in ta ji warin kananzir ko daga gidan maƙwabta ne, sai jikinta ya kama ɓari. In ta ga harshen wuta sai ta shige bayan ƙyaure ta toshe ido. Ma'u ta kwashe fitilun gidan duka ta zuba a masai. Daga ranar, gidan Kalilu tun la'asar ake cin tuwo, magariba na yi kowa ya nemi wuri ya zauna. Tocila suka koma, ita kuma cin batir take kamar akuya ta samu dusa. Duhun ma Jannatu tsoronsa take, sai ta kama zanen uwarta ta ƙi saki. Da bazara kunama ta harbi Ma'u a bakin randa, don ba ta ga inda take sa ƙafa ba. Kalilu yana zaune a tsakar gida yana jin kukan uwa da na ɗiya, ba abin da ya iya yi.

Ana haka ya gamu da Maigandi a tasha. Direba ne, yana jan wata a-kori-kura tsakanin Birnin Kebbi da Kamba, kuma ba ya dawowa hannu biyu, kullum da abin da ya tsallako da shi daga ƙetare. Ya ja Kalilu bayan mota, ya ɗaga tabarma. Wani faranti ne mai faɗi, kamar ƙyauren taga babba, fuskarsa gilashi baƙi-baƙi mai shuɗi, da zane-zane kamar an yi kunya a gona.

"Wanga abu rana shika ci," in ji Maigandi. "Ba kananzir, ba hetur, ba ashana. Ka aza shi bisa ɗaki shi sha rana, shi tara ta cikin batir. Da magariba ka taɓa nan, ɗaki shi yi haske kamar na Gesse. Ko jinjiri ya kama hitilar, ba ta ƙuna."

Kalilu ya ce, "Ba ta ƙuna?"

"Ko kaɗan. Sanyi gare ta kamar tulu."

Da Maigandi ya faɗi kuɗin, da batir da waya da fitilu biyu, sai da Kalilu ya nemi tayar mota ya zauna. Kuɗin bijimai biyu ne ƙosassu. Ya daɗe yana shafa gilashin, sannan ya yi tambayarsa.

"In na matsu, wa za shi saye?"

Maigandi ya kwashe da dariya. "Kowa! Kai dai ka ce za ka sayar, ka ga rububi. Abin da ba shi tsuhwa, ba shi ruɓewa? Shekara ashirin shina aiki."

Kalilu ya dawo gida da abin a kansa. Washegari bai je gona ba. Ma'u na baza shinkafar da ta turara a tabarma, ya tsuguna gefe, ya ɗebi ƙwayoyi yana yin 'yan tsibi-tsibi a ƙasa. Wannan tsibin kananzir na shekara, wannan na batirin tocila. Ya tara, ya sake tarawa. Ko shekara goma aka haɗa ba su kamo kuɗin farantin ba. Shi mutum ne da ba ya yi wa kansa ƙarya, ya ce ta wannan hanyar lissafi bai fita ba.

Ma'u ta ce, "To Malam, a bar shi mana."

Sai ya tambaye ta adashinta. Ta faɗa, ko batirin bai kai ba. Ya yi tunanin falle, ya sayar da shinkafa tun tana tsaye a gona, amma ya san 'yan kasuwa rabin kuɗi za su ba shi, kuma da kaka gidan ba abin ci. Ya je sabon bankin da aka buɗe, ya tsaya a ƙofa, wani ya gaya masa sai mai albashi, ya juyo. Ya koma wurin Maigandi ya ce a bar shi ya riƙa biya duk kaka. Maigandi ya ce shi ma wanda ya ba shi, kuɗi hannu yake so, kuma akwai wani alhaji da ke nema, in an daɗe zai kai masa.

Saura hanya ɗaya, su biyun duk sun san ta, kowa yana jiran ɗaya ya furta. Kalilu ne ya furta. Jinginar da Mai Giginya.

Ma'u ta ajiye faifai. "Malam, gonar da muka ci da ita? Duhun ga dai mun hwara sabawa da shi."

"Ke kin saba. Dube ta."

Jannatu na zaune can ƙofar ɗaki, nesa da madafa, ta riƙe hannunta mai tabo a ƙirji, tana kallon inuwa na tsawo a bango. Haka take yi kullum in rana ta juya.

Ya ce, "Ma'u, ba cin kuɗin za ni yi ba. Ajiye su za ni yi bisa ɗaki. Kamar sa ne, sai dai shi ba shi cin dusa, ba shi ciwo, ɓarawon shanu bai san shi ba. Hegin bakin gulbi shina nan, da rani in yi albasa. Shekara biyu ko uku in hanshi gona. In kuwa abu ya ɓaci, in sauke shi in kai kasuwa, in amshi kuɗina in kai ma mai jingina. Mi munka rasa?"

Ita ma 'yar fadama ce, haka ta ga ana yi da shanu tun tana yarinya. Ta rasa inda za ta kama maganar ta karya. Ta ce, "Allah shi sa alheri," ta ɗauki faifanta.

Wanda ya nufa Alhaji Abdussamadu ne, ɗan gwaggonsa, mai sayen shinkafa yana lodi zuwa kudu. Taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"A'a, bawana!" in ji Abdussamadu. "Kai da ko goro sai ka tambayi wa za shi saye in ka tauna, yau kai ne ka sayen rana? Rana da Allah ya ba mu kyauta har ta yi muna yawa?"

"Kai dai ƙirgo kuɗi, mai tumbin banza. Ranar da gidana ya yi haske kada in gan ka ƙohwata."

"Ni da gidan bawana? Har ɗaki!"

Suka yi dariya, amma da aka zo maganar gona Abdussamadu ya tsaya ya dube shi. Ya ce ya sake tunani. Kalilu ya ce ya gama tunani. Aka kira liman da mai unguwa, aka yi jingina yadda aka saba. Gona ta koma hannun Abdussamadu, ya noma ya ci, sai ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif. Kuma a kawo su kafin a fara shara, don in ya riga ya zuba iri, sai wata shekara.

Maigandi da kansa ya zo ya kafa farantin bisa rufin ɗakin Ma'u, Kalilu ya sa maƙeri ya yi masa sarƙa da kwaɗo. Da magariba ta yi, ya kira Jannatu ya ce ita za ta kunna. Ta ƙi. Ya kama fitilar da hannunsa, ya manna ta a kumatunsa, sannan Ma'u ta taɓa makunnin. Ɗaki ya yi fari, fitila na manne a fuskar ubanta, shi kuwa yana murmushi. Yarinya ta matso a hankali. Ta sa yatsa ɗaya ta janye. Ta sake sawa. Ma'u ta ce mini tun ranar gobarar ba ta ji dariyar Jannatu ba sai a wannan magaribar.

Gidan ya zama wurin zuwa. Matan unguwa su zo tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki, Abdussamadu ma ya zo ya zauna ya ce a kawo wa ubangida tuwo. Jannatu ta ɗauki farantin kamar ɗan akuyarta. Maigandi ya ce in ya yi ƙura ba ya ci da kyau, don haka kullum da safe sai ta hau tsani da tsumma ta goge shi. Wannan miƙa hannun da take yi, shi ya sa fatar ta fara saki, har hannun ya kusa miƙewa.

Shekarar farko fegin bakin gulbi ya ba da abin da aka ci, albasa ta bar 'yan kuɗi. Kalilu ya ɗaure su da sunan gona. Sai batir ya fara gajiya, hasken da ke kai su lokacin kwanciya ya koma ko isha'i ba ya kaiwa. Mai gyaran batir ya ce ya mutu, sai sabo. Wannan Maigandi bai faɗa ba, Kalilu kuma bai sa shi cikin tsibin shinkafarsa ba. Kuɗin albasa suka tafi nan.

Shekara ta biyu ruwa ya zo. Gulbi ya cika ya haura, fegin Kalilu ya nutse, ko kan shinkafa ba a gani. Ya ari jirgi ya shiga, wai ko zai tsinci wani abu. Ya wuni cikin ruwa har ƙirji yana lalube, abin da ya fito da shi bai cika ƙwarya biyu ba. A hanyar dawowa jirgi ya bi ta gefen Mai Giginya. Tana nan tsaye, ruwa ya kai mata daidai, shinkafa ta sunkuya don nauyi. Ya ajiye sandar tuƙi, ruwa ya yi ta jan sa yana kallonta. Daga ranar ya kama tari.

Ba a daɗe ba Abdussamadu ya yi sallama a ƙofar gida da hantsi. Da Kalilu ya fito, sai ya ce, "Kalilu, ina kwana." Jin sunansa a bakin taubashinsa, ba bawana ba, ya san ba lafiya ba.

Ruwan nan ya shiga rumbunan Abdussamadu na bakin gulbi, shinkafar mutane da ya karɓa duk ta jiƙe ta tsira, masu ita sun tsaya masa a wuya. Akwai kuma wani babban ma'aikaci a Gesse da ke bin gonakin fadama yana haɗawa, ya riga ya saye na gabas da na yamma da Mai Giginya. Ya aiko cewa zai biya Abdussamadu kuɗin jinginar, gona ta koma hannunsa.

"Ka san al'ada ba ta hana in tura jingina gaba ba," in ji Abdussamadu, idonsa a ƙasa. "Amma ka san irin su. In ya kahwa turakan siminti ya kawo inji, ni da kai ko maigadi nai ba mu wucewa. Ban so gonar kawu... gonar babanka ta tahi ta hannuna. Ka kawo man kuɗina kahin ruwa shi janye a hwara shara, in miƙa maka abinka."

Kalilu ya ce, "Kada ka damu. Kuɗinka suna bisa ɗaki."

Da gaske yake faɗa. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne gaya wa Jannatu. Ya yi ta kewaya gida, ya gyara keken da ba abin da ya same shi. Ma'u ce ta gaya mata. Yarinya ba ta yi kuka ba. Da ya kwance sarƙa ya sauko da farantin, ta goge shi sarai, ta shiga ɗaki ta ɗauko zanenta na salla ta naɗe shi, don kada gilashin ya karce a mota.

"Baba, ka gaya ma mai saye shi riƙa goge shi da sahe."

Ya ce to. Bai iya duban ta ba.

Argungu ya nufa ranar kasuwa. A Birnin Kebbi kowa zai gani, kuma shi duk abin da ya taɓa sayarwa mai daraja, ta hannun Riskuwa ya bi. Ya ratsa cikin shanu da abu a ka, ya sauke gaban Riskuwa, ya kwance.

Riskuwa ya zagaya shi sau biyu. "Kalilu, ina haƙora nai? Ta ina za ni duba shekaru? Ina tozo?"

'Yan kara suka taru ana dariya. Wani ya ce a ba shi ciyawa a gani, wani Bafillace ya leƙa fuskarsa a ciki ya gyara rawani. Kalilu ya haƙura, ya jona waya da batir, ya kunna fitila da rana tsaka, ya yi bayani yadda Maigandi ya yi masa. Kowa ya yaba, ba wanda ya taya. Masu rediyo suka ce ba layinsu ba ne, masu kayan mota suka ce ba nasu ba ne. Kasuwa duka, daga masu kifi har masu tukwane, kowane kaya da rumfarsa da dillalinsa, wannan kaɗai ba shi da kowa.

Can bayan azahar Riskuwa ya samo wani Usmanu mai kemis. Shi ya san abin, ya taɓa gani, kuma yana so don shagonsa. Ya taya da kyau. In aka haɗa da adashin Ma'u, kuɗin jingina sun cika. Har Riskuwa ya kama hannun Usmanu zai haɗa da na Kalilu, sai wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Irin wanga fa sai rijiyar burtsatse ta gwamnati. An ce kwanan baya an kwance wasu a wani ƙauye, 'yan sanda suna nema."

Usmanu ya zare hannunsa. Ya ce yana so har yanzu, amma sai dillali ya tsaya masa.

Kin san yadda kara take. Dillali ba haɗa ciniki kaɗai yake yi ba. In ya sa hannu, ya ɗauki nauyin cewa kayan ba na sata ba ne. In daga baya mai shi ya fito, dillali ne zai biya, kuma sunansa ya mutu a kasuwa.

Riskuwa ya ja Kalilu gefe. "Ni na san ka, na san babanka. Ko allura ba ka ɗauka. Amma sa in anka kawo man, na san garke nai, na san tambarin da ag ga cinya tai, na san mai kiwo nai. Wanga, wa ya san inda ya hito? Kai ka sani?"

"Maigandi ya ce daga ƙetare."

"Ya ce. Wa ya ba shi?"

Kalilu da ba ya sayen tunkiya sai ya san uwarta, ranar nan a tasha hankalinsa na kan fitilar da ba ta ƙuna, bai tambaya ba.

"Kawo man Maigandi," in ji Riskuwa. "Shi tsaya nan gaban mutane shi hwaɗi inda ya samo. Ranar nan in sa hannu, ko la'ada ban so."

Usmanu ya yarda zai jira. Sai kuma aka ga komawa da farantin a mota akwai hatsari, tunda magana ta riga ta bazu, ga shingaye a hanya. Riskuwa ya ce a bar shi amana a zaurensa. Haka Kalilu ya koma Badariya hannu biyu. Gida ba haske, gona ba ta dawo ba.

A tashar Birnin Kebbi aka ce Maigandi ya daɗe da barin hanyar. Kalilu ya bi shi Kamba. Can aka ce ya sayar da motar ya tsallaka iyaka zuwa Gaya, amma yakan leƙo wata ranar kasuwa. Ya zauna a tasha yana tari, yana duban duk motar da ta tsaya, har guzurinsa ya ƙare. Ya bar sallahu a wurin masu shayi da 'yan kamasho, ya dawo.

Ruwa kuwa yana ta janyewa. Duk wanda ya fito daga Zauro sai Kalilu ya tambaye shi ina ruwa ya kai, a ce masa gindin giginya ya fito, a ce masa kunyoyi sun fara bayyana. Ya je wurin Abdussamadu ya roƙi a ƙara masa kasuwa ɗaya tak. Abdussamadu ya ce ya ba shi, ko masu shinkafa za su tuɓe masa riga.

Ana gobe tafiya tarin ya kwantar da shi, zazzaɓi ya rufe shi. Ya sa Ma'u ta daka masa fura ta ɗaura ƙuli-ƙuli a tsumma. Da gari ya waye ya yunƙura ya kasa. Jannatu na riƙe da kansa, yana cewa, "Ina takalmana? Motar Kamba ba ta jira." Kafin azahar ya cika.

Abdussamadu ya yi kuka a makabarta kamar yaro. Ya riƙe gonar har aka yi sadakar arba'in, daga nan ya kasa. Da aka fara shara, turakan siminti ne a kan iyakar Mai Giginya. Giginyar ma sare ta aka yi, wai tana tare wa inji hanya.

Ma'u na cikin takaba, jiki ya ƙi, sai Jannatu ce ta koma hura wuta a madafa. Ba wai tsoron ya tafi ba ne. Na gan ta da idona bayan ta girma, in za ta ƙyasta ashana sai ta kau da kai.

Riskuwa ya ɗauko farantin da kansa ya kawo Badariya, ya ce ga amana. Ma'u ta amsa masa daga bayan ƙyaure. Ta ce mai shi cewa ya yi a ajiye sai ya zo da shaida, ita kuwa ba ta iya kwana ƙarƙashin abin da ya ci Mai Giginya. In Maigandi ya samu, a sayar, a san dai mijinta ba kayan sata ya kai kasuwa ba. Jannatu na tsaye a tsakar gida tana kallon zanenta da ke naɗe da shi. Riskuwa ya mayar da shi zaure.

Tun daga nan duk direban da ya fito ta wajen Kamba sai Riskuwa ya tare shi, ko ya san wani Maigandi mai a-kori-kura. Wani ya ce ya gan shi a Gaya, wani ya ce ya yi nisa, wani ya ce bai taɓa jin sunan ba. Na ce masa, "To yanzu ko ka same shi, gona ai ta tafi." Ya ce ya sani, amma tafiyar Kalilu ce ta rage, shi kuma shi ya aike shi.

Ranar nan ma bai ƙarasa ba ni labarin ba, sai wani ya leƙo zaure ya ce motar Kamba ta tsaya a tasha. Ya miƙe, ya bar ni da igiyar maraƙina a hannu, ya fita yana jan takalmi.